Na'urar saitin bindiga ta zamani: za ta iya jure zafin Kurfai?

Tun bayan harin Inates na ranar 10 ga Disamban 2019, inda sojoji 71 suka kwanta dama, da na Shinagodar na ranar 9 ga Janairun 2020 da ya ci rayukan 89, batun kayan aikin jami'an tsaro bai bar bakin al'ummar jihar Tillaberi ba. A Filinge da sauran garuruwan Kurfai, inda manoma, makiyaya da 'yan kasuwa ke rayuwa cikin dokar ta-ɓaci, wannan magana ce ta rai da mutuwa.

Cikin kayan da matasa ke gani a bidiyon dakarun ƙasashen waje akwai wani ɗan akwati mai tagar gilashi da ake ɗaurawa a saman bindiga. Na'urar saiti ce mai aiki da hologiram, wadda kamfanin EOTech na Amurka ya fito da ita a 1996. Hasken lesa ne ke zana jan zobe da ɗigo a cikin gilashin. Mai harbi ba ya buƙatar rufe ido ɗaya, don haka yana saiti da sauri, yana kuma ganin abin da ke gefensa. Ko gilashin ya ɗan tsage, alamar ba ta ɓacewa. Shi ya sa dakaru na musamman ke son ta.

Sai dai tana da rauni, kuma raunin ya shafi yankin Sahel kai tsaye. A watan Nuwamban 2015, L-3 Communications, uwar kamfanin EOTech a lokacin, ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don sasanta ƙarar da ke cewa saitin na gocewa a matsanancin zafi ko sanyi, danshi kuma na shiga ciki. A Filinge zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ƙarfen da ya wuni a bayan mota kuwa ya fi haka zafi.

Ga kuma batir. Irin wannan na'ura kan cinye shi cikin sa'o'i 600 zuwa 1,000, alhali mai jan ɗigo ta kamfanin Aimpoint na Suwidin kan yi shekaru. Tsofaffin bindigogin Kalashnikov ma ba su da wurin ɗaura ta, sai an ƙara musu maƙali.

Abu mafi muhimmanci shi ne, ba ta kusanto da abin da ke nesa. A filin Dallol Bosso, ba za ta bambance wa jami'i makiyayi mai sanda da ɗan bindiga ba. Wannan aikin horo ne da bayanan sirri da amincewar mutanen gari. Duk mai shirin kashe kuɗin jama'a a kan irin wannan kaya, ya kamata ya fara gwada shi a ranar Kurfai.