Tukunyar da ba a gani a sararin Maraɗi

Duk wanda ya bi hanya daga Gazawa zuwa Agiye a ƙarshen watan Mayu ya san wannan maraicen: manoma sun tara sassabe sun cinna masa wuta, hayaƙi ya kwanta a kan gonaki, iskar bazara kuma ta fara busowa daga kudu da ɗanshinta, riga na manne wa baya. Mukan ce gari ya yi hazo, mu wuce. Amma wannan hazon daban yake da na hunturu.

Na hunturu ƙura ce tsagwaronta, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma busasshiya ce ƙamas. Shi ya sa leɓe ke tsagewa. Na bazara kuwa, wani ɓangarensa ba daga ƙasa ya tashi a matsayin ƙura ba. A sama aka dafa shi.

Ga yadda abin yake. Wutar kara da murhu, da injin kabu-kabu, har ma da ganyen wasu itatuwa irin su turare, duk suna sakin tururin da ido ba ya gani. Rana ta buge shi, ya sake kama, ya zama mai narkewa cikin ruwa. A gefe guda akwai ƙananan ƙwayoyi masu yawo a iska, waɗanda gishirin cikinsu ke zuƙar laima. Matan Tibiri ta Gidan Runji ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan: sun san yadda gishiri ke jiƙewa a kwano da damina ba tare da an ɗiga masa ruwa ba. To haka kowace ƙwaya ke zama ɗan ɗigon ruwa, tururin nan ya shiga ya narke, ya haɗu da ɗan'uwansa, ya yi kauri. In iska ta bushe ruwan ya ƙafe, amma ƙanzon ya zauna. Ƙwayar ta ƙara nauyi ke nan, da abin da ba wanda ya zuba mata.

Ɗigon da ke da tsami, wato mai ɗauke da farar wutar da ke fita daga ƙona man gas, ya fi saurin wannan girki. Ke nan ba itace ne mai laifi ba, kuma kada wani ya fake da wannan ya ɗaga gatari kan gawon da mutanen Ɗan Saga suka sha wahalar rainonsa ta hanyar sassaben zamani. Abin da muke ƙarawa da hannunmu shi ke hura wutar.

Masana sun zo Nijar kan wannan sha'ani: a 2006, ƙarƙashin wani shirin bincike mai suna AMMA, jiragen bincike sun riƙa tashi daga Yamai suna auna ƙura da hayaƙi, ga kuma tashar awo a Banizumbu.

Abin damuwar shi ne ƙanƙantar ƙwayoyin. Faɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin talatin na silin gashi ba, don haka hanci ba ya tare su, sai can cikin huhu, wasu har jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin irin waɗannan ƙwayoyi da ta yarda da shi a shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska. Mai ciwon asma da jaririn da ke goye a bayan uwa a bakin murhu su ke fara ji a jiki, musamman a makonnin nan da laima ta iso amma ruwan da zai wanke sama bai sauka ba.