Hotunan Tabki: Kwale-kwale, Faɗuwar Rana da Rayuwar Bakin Ruwa

Hoton tabki yana cikin hotunan da suka fi yawo a wayoyin salula a ƙasar Hausa: kwale-kwale baƙi ƙirin a tsakiyar ruwa, masunci tsaye da birgi a kafaɗa, rana ta yi jawur tana shirin nutsewa. A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso a Nijar, irin wannan hoto yana da daraja ta daban, domin ƙasa ce ta dutse da jigawa, wadda daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba. Kyau ne yake fara jan ido, amma akwai bayani mai yawa a cikin hoton ga wanda ya iya karanta shi. Irin jirgin yana nuna wurin, launin sama yana nuna lokacin shekara, gaɓar ruwa kuma tana nuna yadda damina ta kasance.

Ruwan Arewa da na maƙwabta

Arewa ba ta da babban tabki. Abin da take da shi shi ne Dallol Mawri, faffaɗan kwarin da wani kogi ya bi a zamanin da Sahara take da ruwa. Kwarin ya gangaro ta Matankari da Dogon Dutsi da Kore Mai Ruwa da Tibiri, har ya kai ga kogin Kwara a yankin Gaya. Kogin ya ƙafe tun da daɗewa, amma ruwan ƙasa yana kusa a wurare da yawa, kuma duk damina ƙoramu sukan zubo daga kan duwatsu su cika tabkuna. Tabkin Saw na Dogon Dutsi yana cikinsu, kuma a gefensa ake lambu da rani. A 2004 aka sanya Dallol Mawri cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Mai neman ruwa mai faɗi sai ya ɗan yi tafiya. A kudu da Maraɗi akwai tabkin Madarunfa, wanda ya yi suna da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. A kan hanyar Tawa zuwa Agadas akwai tabkin Tabalak. A Najeriya akwai tabkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsarsa a 1968, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,300, sai Tiga a Kano da Goronyo a Sakkwato da Bakolori a Zamfara. Babbansu duka shi ne tabkin Cadi, wanda Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka yi tarayya a kansa.

A manyan tabkunan Amurka da Kanada, irin su Superior mai faɗin murabba'in kilomita kusan 82,000, hotunan da ake ɗauka lokacin zafi galibi na hutu ne: jiragen shaƙatawa da masu ninƙaya. A tabkunan Nijar da maƙwabtanta kuwa, jirgi kayan aiki ne. Da shi ake su, da shi ake cin kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, don haka hotonsa hoton sana'a ne.

Jirgi da abin da yake nunawa

Mafi sauƙin abin hawa a kan ruwa shi ne gora, wato babban duma da masunci yake kwantawa a kansa yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana zuba kifin da ya kama a ciki. Ana ganinsa a Madarunfa, kuma shi ne ya mamaye hotunan bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban masunta suke rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa. An fara bikin a matsayinsa na yanzu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Sai kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda. Ya yi ƙaranci yanzu saboda manyan itatuwa sun ragu, kwale-kwalen katako ya maye gurbinsa. A ruwa marar zurfi ana tura shi da doguwar sanda, a mai zurfi kuma da filafili. Wannan ma alama ce: in matuƙi yana tsaye yana dogara sanda nesa da gaɓa, to ruwan faɗi gare shi, ba zurfi ba. Manyan jiragen katako masu inji su ne na fito da jigilar kaya, irin waɗanda ake gani a Yawuri da Gaya da Baga.

A tsofaffin hotunan tabkin Cadi akwai jirgin da mutanen ƙabilar Buduma suke ɗaurawa da wata doguwar ciyawar ruwa, mai goshi a tanƙware sama. Gwanintarsu ta sa a 1969 ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauki masu haɗa jirgi daga tabkin Cadi suka ɗaura masa jirgin Ra, wanda ya gwada tsallaka tekun Atlantika da shi.

Kayan kamun kifi ma suna da nasu bayanin. Birgi mutum ɗaya ne yake jefa shi, kuma buɗewarsa a iska ita ce abin da masu hoto suka fi farauta. Taru jama'a ke ja, mamari igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa, gura kuma tarko ne da ake girkewa a cikin ruwa. Sarkawan Kabi, waɗanda kamun kifi ne gadonsu, sun bazu da waɗannan dabaru daga gulbin Kabi har tabkin Cadi.

Dalilin jan rana

Hasken rana yana ƙunshe da launuka da yawa. Idan ya ratso iska, shuɗi ne ya fi warwatsewa, shi ya sa sama take shuɗiya da tsakar rana. Lokacin faɗuwa kuwa, hasken yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar rana kauri kusan sau 40, sai shuɗin ya ƙare a hanya, ja da ruwan goro su iso ido. Ruwa mai natsuwa yana maido da wannan launi kamar madubi, sai hoton ya sami sama biyu.

Ba kowane wata ne yake ba da irin wannan launi ba. Ya fi fitowa a ƙarshen damina da kaka, bayan ruwan sama ya wanke ƙura, ga kuma gizagizai da hasken zai haska ta ƙasa. Da hunturu lamarin ya sha bamban. Ƙurar hazo tana da manyan ƙwayoyi masu warwatsa dukan launuka, sai rana ta koma fari-fari, ta dusashe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake tasowa, kuma Bodele gindin tsohon tabki ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tabkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, kuma busasshen taɓonsa ne iskar arewa maso gabas take kwasowa har Arewa.

A wannan yanki rana tana faɗuwa kusan a miƙe, don haka hasken da ya rage bayan ɓacewarta minti ashirin da 'yan kai ne kawai. Mai hoto yakan shirya tun bayan la'asar, domin lokacin da launi ya fi kyau dab yake da kiran sallar magariba.

Rayuwar bakin ruwa a cikin shekara

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Ƙananan tabkuna sun ƙafe, ƙasa ta tsattsage, gaiwa ta shige taɓo tana jiran ruwa. Inda ruwa ya saura, nan kowa yake taruwa: garken shanu da raƙuma, masu yin tubali, mata masu wanki, yara masu iyo. Lokacin ne kuma ake yawan su na gayya, da izinin Sarkin Ruwa a inda ake da shi, domin kifi ya taru a wuri kaɗan.

Zuwan shamuwa yana nuna damina ta ƙarato. Daga Yuli zuwa Satumba tabki yakan cika ya yi ja da laka, bado ya yi fure, kainuwa ta rufe gefe. Da kaka ruwa yana kwantawa ya yi garau. Da sanyi kuma ruwa yana ja da baya, manoma suna binsa da shuka, lambunan albasa da kabeji da tumatir su kewaye gaɓa. A lokacin ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka cikin balbela da zalɓe da kirinjijiya. A bakin manyan tabkuna hayaƙin banda yana tashi, ana ƙyafe tarwaɗa da karfasa don kasuwannin nesa.

Dabarun ɗauka da ladubbansa

Mai son jirgi ya fito baƙi a gaban jan sama sai ya tsaya a gaɓar gabas ya fuskanci yamma, ya taɓa wuri mai haske a fuskar wayar domin kyamara ta rage haske. Mai son fuskoki da launin tufafi su fito sai ya ba rana baya. Layin da ruwa ya haɗu da sama ya kamata ya miƙe, domin karkacewarsa tana ɓata hoto. Matsawa kusa ya fi zuƙo hoto da yatsa, kuma goge gilashin kyamara wajibi ne a ƙasa mai ƙura. Da asuba iska ta fi kwanciya, inuwar jirgi ta fi fitowa a ruwa.

Bakin tabki wurin wanka da wanki ne, don haka ba a ɗaukar mata da yara ba da izini ba, kuma masunci yana da haƙƙin a tambaye shi. A yankin tabkin Cadi, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa tun 2015, da kuma kusa da madatsun ruwa, ana neman izinin hukuma. Shiga ruwan da ba ya gudu yana iya jawo tsargiya. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima kuwa haɗari ne, kamar yadda kifewar jirgi kusa da Wara a tabkin Kainji ta nuna a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasu. Rigar kariya ta fi kowane hoto muhimmanci.

Hoto a matsayin shaida

Tarihin tabkin Cadi na baya-bayan nan da hotuna aka fi saninsa. Hotunan tauraron ɗan'adam na 1963 sun nuna ruwa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000, kuma 'yan sama jannatin Apollo 7 sun ɗauke shi a 1968 yana cike. Farin shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuma buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, garin Gigimi da ke bakinsa ya wayi gari nesa da ruwa. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, ko da yake ciyayi sun rufe sashe mai yawa.

Saboda tabkin ba shi da zurfi, gaɓarsa takan matsa kilomitoci tsakanin rani da damina. Hoton kwale-kwale a kan busasshen taɓo yana iya zama shaidar fari, yana kuma iya zama hoton watan Mayu na shekara mai albarka. Abin da yake bambanta su shi ne kwanan wata da sunan wuri.

Wannan ƙa'ida ta shafi ƙananan tabkunan Arewa, waɗanda rairayin da ƙoramu ke kwasowa yake cike su sannu a hankali. Idan ana ɗaukar tabki daga wuri guda, a wata guda, kowace shekara, tare da wata alama da ba ta motsi kamar dutse ko tsohon gawo, hotunan za su nuna ko ruwa yana raguwa, ko ciyawar kacalla tana cin gaɓa, ko gine-gine suna matsowa. Manoma da makiyaya da magadan gari duka suna da buƙatar irin wannan bayani wajen shawarar yashe tabki ko dasa itatuwa. Ya kamata a adana ainihin hoton, domin tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto yana rage ingancinsa ya kuma goge bayanan ranar ɗauka, sannan a rubuta sunan tabkin da wata da shekara a ajiye tare da shi.