Sirrin Taurin Ƙwan Zabo

MAI GABATARWA: Da damina ta sauka a Kona, a kasuwanni daga Tasawa har Mayahi za ka ga kwanoni cike da ƙwan zabi. Yaro ya ɗauki ƙwai ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa, ya kasa kunne ya ji ƙararsa kafin ya shiga wasan fasa ƙwai. Kowa ya san na kaza ba ya ja da na zabo. To me ya sa?

Ɓawon ƙwan kaza da na zabo abu ɗaya ne, kalsiyam kabonet, sinadarin farar ƙasar da ake ƙonawa a yi siminti. Na zabo ya fi kauri, amma ba nan kaɗai batun yake ba. Masana na cibiyar INRA a Faransa sun duba shi da madubin ƙara girma. A ƙwan kaza, ƙwayoyin ma'adinin a tsaye suke, jere reras, tsaga ta samu hanya ta wuce. A na zabo kuwa, daga wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin ɓawon sai ƙwayoyin su ƙanƙance, su sarƙe da juna kamar tubalin da magini ya saɓa. Furotin na jikin zabuwar ne ke manne wa ƙwayar tana girma, ya tare ta nan, ya sake ta can.

Irin wannan dabarar masana ke kwaikwayo. A 2016 ayarin Farfesa Yu Shuhong a birnin Hefei na ƙasar Sin suka yi shimfiɗu da kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande, suka bar ma'adini ya tsiro a tsakaninsu, suka ƙara furotin na siliki. Abin da ya fito ya yi kama da farin cikin ƙumbar teku mai sheƙi, ba tare da murhu mai tsananin zafi ba.

Abin da ya fi daɗa mini rai shi ne ƙaro. I, ƙaron dakwara da malamai ke sawa a tawada. Masu alawa a masana'antu sun daɗe suna sa shi don hana sukari komawa tsaki-tsaki, masu bincike kuma sun gwada shi wajen sarrafa siffar ƙwayoyin kalsiyam kabonet. Nijar na fitar da ƙaro, akasari ɗanye. Ina fatan ɗaliban kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ɗora shi kan teburin gwaji.