-ci (ɗafa-ƙeya)

-ci ɗafa-ƙeya ne, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen saiwar kalma domin a samar da sabuwar kalma. Ana samun ɗafi mai wannan siffa a Hausa da Turkanci, da kuma harsunan da suka aro shi daga Turkanci, kamar Larabcin Sham da na Masar, Farisanci da Urdu. A Hausa yana zuwa a matsayin -ci, -nci ko -anci, kuma yana nuna harshe, sana'a ko hali, kamar a Larabci, kasuwanci da adalci. A Turkanci kuwa mutum yake nunawa, wato mai yin sana'ar. Ɗafin na Hausa da na Turkanci sun yi kama a rubuce, amma asalinsu ba ɗaya ba ne: Hausa tana cikin harsunan Cadi, Turkanci kuma yana cikin dangin harsunan Turkawa da suka fito daga tsakiyar Asiya.

A Hausa

Masana nahawu, cikinsu har da Paul Newman a littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, suna raba -ci na Hausa gida biyu. Rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin, amma kunne yana jin sa a karin sauti. Duk kalmomin da ake samarwa ta hanyoyin biyu jinsin namiji ne, shi ya sa ake cewa Larabcin Masar da kasuwancin atamfa, da -n ba da -r ba.

Sunan harshe da salon magana. Idan aka ɗafa -anci ko -ci ga sunan al'umma ko gari, sai a sami sunan harshensu ko karin harshensu. Dukkan gaɓoɓin kalmar suna ɗaukar karin sama:

Larabawa – Larabci
Yarbawa – Yarbanci
Barebari – Barbarci
Nufawa – Nufanci
Faransa – Faransanci
Kano – Kananci
Sakkwato – Sakkwatanci
Zazzau – Zazzaganci
Damagaram – Damagaranci

Sunan harshen Hausa kansa ba ya bukatar ɗafin. Hausanci ya fi karkata ga ɗabi'a da salon rayuwar Hausawa. Daga wannan tushe ne ake samun a Hausance, a Larabce da a Turance. Ɗafin yana kuma nuna salon magana na wani rukunin jama'a, kamar malamanci, wato Hausar da aka cika da kalmomin Larabci.

Sana'a, matsayi da hali. A rukuni na biyu gaɓar ƙarshe tana sauka zuwa karin ƙasa. Wanda ya faɗi Larabci sannan ya faɗi adalci zai ji muryarsa ta tsaya a sama a kalmar farko, ta sauko a ta biyu. Misalai sun haɗa da:

kasuwa – kasuwanci
dillali – dillanci
shugaba – shugabanci
wakili – wakilci
jahili – jahilci
mutum – mutunci

Musulmi – Musulunci

Da yawa daga cikin waɗannan sunaye suna da aikatau ɗan'uwansu mai ƙarewa da -ta, kamar zalunci da zalunta, mutunci da mutunta. Dalili shi ne a Hausa baƙin t yana komawa c idan wasalin i ko e ya biyo shi, abin da ake kira ganɗantawa, kamar yadda sata take komawa sace.

Wani lokaci saiwar ce take sauyawa. Daga fatake aka sami fatauci, daga talaka aka sami talauci, domin k da ya faɗo a ƙarshen gaɓa yakan koma u. Masani Bajamushe August Klingenheben ne ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarun 1920, har yau kuma da sunansa ake kiran ta.

Kalmomin da ke rikita ɗalibai

Ba kowace kalma mai ƙarewa da ci ce take ɗauke da wannan ɗafi ba. Abinci haɗi ne na abin da ci. Motoci jam'in mota ne. Marubuci, ma'aikaci da mabukaci suna nuna mai aikatawa, kuma an gina su ne da ɗafa-goshi ma- da wasalin -i a ƙarshe. C ɗin da ke cikinsu t ne na rubuta, aikata da bukata. Makaranci ya fi sauran yaudara, tunda ya ƙare da anci, alhali daga karanta ya fito.

Hanyar ganewa ita ce a nemi jam'i. Idan t ya dawo, kamar marubuta da ma'aikata, to ba ɗafin -ci ba ne. Turanci da kasuwanci ba su da irin wannan jam'i.

A Turkanci

A rubutun Turkanci na boko, wanda aka fara aiki da shi a 1928, harafin c yana da lafazin j na Hausa, ç kuma shi ne yake da lafazin c. Saboda haka -ci na Turkanci ji ake furta shi. Ɗafin yana da siffofi takwas: -cı, -ci, -cu, -cü, -çı, -çi, -çu da -çü. Wasalinsa yana bin wasalin ƙarshe na kalmar, baƙinsa kuma yana komawa ç bayan baƙi marar ziza irin su p, t, k da ş:

çay (shayi) – çaycı (mai shayi)
kumaş (yadi) – kumaşçı (mai sayar da yadi)
kitap (littafi) – kitapçı (mai sayar da littattafai)
süt (madara) – sütçü (mai madara)
gazete (jarida) – gazeteci (ɗan jarida)
yalan (ƙarya) – yalancı (maƙaryaci)

Ɗafin tsoho ne, domin yana cikin rubuce-rubucen dutse na Orkhon na ƙarni na 8, a ƙasar Mongoliya ta yau. Idan Baturke yana son ambaton sana'ar kanta, sai ya ƙara wani ɗafi a kai, kamar gazetecilik, aikin jarida. Sunan harshe kuwa da -ce ko -ça ake yin sa: Türkçe, Arapça, İngilizce. Wannan na biyun ne ya yi daidai da -anci na Hausa a wajen aiki, har ma yana nuna salo, kamar çocukça, abin da aka yi irin na yara.

Harsunan da suka aro daga Turkanci

Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ci Sham a 1516 da Masar a 1517, ta haka ɗafin ya shiga Larabcin baka na waɗannan ƙasashe. A Sham ana furta shi -ji, kamar ƙahwaji (mai gahawa) da kundarji (mai gyaran takalma). A Alƙahira -gi ne: makwagi (mai guga), bostagi (mai raba wasiƙu), balɗagi (ɗan daba, daga balta, gatari). Wasu sunayen sana'a sun zama sunayen zuri'a, kamar na Jean Kahwaji, wanda ya jagoranci rundunar sojan Labanan daga 2008 zuwa 2017.

A Farisanci ɗafin -chi ne, kamar shekarchi (maharbi). A Urdu da Indiyanci akwai khazanchi (ma'aji) da bawarchi (kuku). Harsunan yankin Balkan su ma sun ɗauke shi: -džija a Sabiyanci, -tzis a Girkanci, -xhi a Albaniyanci.

A Kantin Kwari

Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da ke Fagge a Kano, wuri ne da waɗannan harsuna suka daɗe suna cuɗanya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa daga Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, suka zauna a Fagge ta Kudu suka buɗe kantuna. A lokacin ƙasashensu suna ƙarƙashin Turkawa, Larabcinsu kuma yana ɗauke da -ji. Sabon Gari, da aka kafa a 1913, ya tara masu magana da Yarbanci, Ibo da Nufanci. Daga baya Indiyawa da 'yan Sin suka shigo harkar yadi, 'yan kasuwar Kano kuma suka riƙa zuwa saro kaya a Dubai, Guangzhou da Istanbul.

Duk da wannan cuɗanya, Hausa ba ta mayar da -ji ƙa'idarta ba. Mutum a Kwari mai atamfa ne, mai shadda, ɗan dako ko ɗan tebur, wato ana sa alamar a gaban kalma. Yarbanci ma haka yake yi: aláṣọ, mai tufafi, daga oní- da aṣọ. Ɗafin -ci na Hausa ya tsaya ga abin da ake yi da yadda ake yin sa: dillali yana dillanci ya karɓi la'ada, ana yabon mai kanti da karamci, ana gudun wanda aka sani da ha'inci. Ke nan kumaşçı na Istanbul mutum ne, kasuwanci na Kwari kuwa aiki ne.

Kalmomin Hausa masu ƙarewa da ji, kamar alhaji, ma'aji da magaji, ba su da alaƙa da ɗafin Turkanci. Alhaji aro ne daga Larabci, ma'aji daga ajiye ya fito, magaji kuma daga gada. Haka nan Zabarmawan da ke zuwa sayayya daga Nijar suna kiran harshensu Zarma ciine, inda ciine kalma ce mai zaman kanta da ke nufin harshe, ba ɗafi ba.

Sauyin ma'ana da ladabin amfani

Ma'anar kalmomin -anci tana bin tarihin sunan da aka gina su a kai. A da, Turawa a Kano suna ne na Larabawan Arewacin Afirka, abin da sunan unguwar Dandalin Turawa yake tunatarwa. Bayan zuwan Ingilishi a 1903 sunan ya koma kan mutanen Turai, Turanci kuma ya zama harshen Ingila. Shi ya sa ake jin Turancin Ingilishi idan ana son bambanta shi da Faransanci.

Da yake ɗafi ɗaya ne yake nuna harshe da salo, wasu kalmomin sun ɗauki ma'anar raini. Gwaranci sunan harshe ne, amma ana amfani da shi wajen kwatanta maganar da ba ta fita sosai, alhali masu harshen suna kiran kansu Gbagyi. Inyamuranci an gina shi ne a kan laƙabin da Ibo da dama ba sa so, saboda haka kafofin watsa labarai suka fi cewa harshen Ibo. Ƙauyanci ma zargi ne na rashin wayewa, ba bayanin maganar ƙauye kawai ba. A kasuwa irin Kwari, inda mai saye da mai sayarwa sukan fito daga al'ummomi dabam-dabam, zaɓen kalma a nan yana shafar mutunci da ciniki.

Ɗafin yana nan yana aiki a Hausar zamani. Da shi aka samar da ta'addanci da ɓangaranci a harshen labarai, kuma dillanci na kasuwa shi ne ya ba da sunan Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya.