Wa ke riƙe da akalar wa a majalisar Birtaniya?

A daren 28 ga Maris, 1979, Majalisar Wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna a kan gwamnatin Firaminista James Callaghan. A can ba ɗaga hannu ake yi ba. Ƙararrawa ake kaɗawa, masu goyon baya su bi ta wani zaure, masu adawa su bi ta wani, ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa. Da aka gama ƙirga, 311 suka ce gwamnati ta sauka, 310 suka ce ta zauna. Wani ɗan jam'iyyar Labour mai mulki, Sir Alfred Broughton, yana kwance rai a hannun Allah, ba a kawo shi ba. Bayan 'yan makonni aka yi zaɓe, Margaret Thatcher ta hau mulki.

Haka tsarin firaminista yake. Gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, kuma da yardarta take numfashi. Firaminista ɗan majalisa ne mai mazaɓarsa, ministocinsa ma a majalisa suke zaune. Duk ranar Laraba da tsakar rana, in dai ana zama, sai ya miƙe ya amsa tambayoyi, jagoran adawa na gabansa, tebur kawai ke tsakaninsu.

Amma fa tun daga wannan dare ba a sake kayar da wata gwamnati da irin wannan ƙuri'a ba. Dalili kuwa jam'iyya ce. Majalisar na da kujeru 650 a yau, duk jam'iyyar da ta haura rabi ta kama akala. Doka ta yarda ministoci har 95 su zauna a cikinta, kuma minista ko dai ya bi gwamnati a ƙuri'a ko ya ajiye aiki. Sauran kuma bulaliyar jam'iyya ce ke kiwonsu: kowane mako ana aika musu da takardar ayyuka, batun da aka ja wa layi uku a ƙasa ba a tsallake shi, wanda ya bijire yana iya rasa jam'iyyarsa. Gwamnati ce kuma ke tsara yawancin lokacin majalisa. Wato wadda ake cewa ana sa wa ido ita ke tsara lokacin sa idon.

Abin da ya sami Firaminista Theresa May a Janairun 2019 ya isa misali. Majalisa ta yi fatali da yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai da ƙuri'a 432 a kan 202. Washegari aka kawo ƙuri'ar yanke ƙauna, sai ta tsallake da 325 a kan 306. 'Yan jam'iyyarta da suka kunyata ta jiya, yau ba sa son zaɓen da zai ci kujerunsu. Bayan 'yan watanni su ɗin ne suka tilasta mata sauka. 'Yan gida ne suka kayar da Thatcher a 1990, su ne kuma suka yi waje da firaministoci Boris Johnson da Liz Truss a 2022.

Nijeriya ta ɗana wannan tsari a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ke firaminista, kafin a koma salon Amurka a 1979. A 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kusan 60 suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista, suna kukan tsadar tsarin shugaban ƙasa. Kukan na da tushe. Sai dai mai zaton canjin tsari zai raba majalisa da zama 'yar amshin Shata ya sake tunani. Inda 'yan jam'iyya ba su isa su ce wa jagoransu ya sauka ba, firaminista zai fi shugaban ƙasa sakewa, domin gwamnati da majalisa duk suna tafin hannunsa.