Filato ko Kwara Kano: abin da magidanci zai duba kafin ya sayi gida a Yamai

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ƴaƴansa suka kai shiga jami'a, ko babban ma'aikacin da aka maido Yamai daga Tawa, idan Allah ya hore masa abin sayen gida a babban birni, sunaye biyu dillalai kan fara ambata masa: Filato da Kwara Kano. Unguwannin biyu suna kusa da juna a yammacin birni, dukansu a kan tudu, dukansu na masu hali. Wanda ya zagaya su da mota sau ɗaya zai ɗauka duk ɗaya ne. Sai dai a Filato yawancin kuɗin mai saye a kan fili da kusanci da tsakiyar gari suke tafiya, a Kwara Kano kuwa a kan ginin da kwanciyar unguwa. Daga wannan bambanci sauran lissafin yake tasowa.

Yadda unguwannin suka samo asali

Filato ita ce tsohuwa. Bayan da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, a kan wannan tudu suka kafa ofisoshinsu da gidajensu, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin ƴan ƙasa. Shi ya sa har yau fadar shugaban ƙasa, da ma'aikatu da yawa, da babban asibitin ƙasa suke can. Filayen gidajen manya ne, titunan a miƙe, tsofaffin itatuwan maɗaci da bedi sun yi musu rumfa.

Kwara Kano ta zo daga baya, lokacin da birni ya miƙe ya wuce Yantala ya nufi Gudel da hanyar Tilaberi. Sunan da Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi. Tun farko don zama aka yanka filayenta, kuma kusancinta da hanyar ofisoshin jakadanci ya sa ta cika da manyan gidaje waɗanda ake bai wa baƙi da ƙungiyoyin agaji haya.

Fili ake saye ko gini?

Gidaje da yawa a Filato sun kwana biyu. Kafin iyali su tare, sau da yawa sai an canza rufi, an sake wayoyin wuta waɗanda ba a yi su don ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki uku ko huɗu ba, an tone bututun ruwa da ramin bayi. Wasu masu sayen rushewa suke yi gaba ɗaya su tada sabo. Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin gida a can, ya raba farashin da faɗin filin ya ga nawa mita ɗaya ta kama, sannan ya ɗauki magini ko injiniyan da ya yarda da shi su ƙiyasta gyara. Jimillar biyun ita ce ainihin kuɗin gidan.

A Kwara Kano gidajen sun fi sabunta, ana iya samun wanda za a shiga bayan fenti kawai. Abin lura a nan shi ne wa aka gina wa gidan. Da yawa an tsara su ne don ɗan haya Bature mai mata ɗaya da ƴaƴa biyu: babban falo, ɗakuna uku, wani lokaci har da wurin iyo a tsakar gida. Magidanci mai mata biyu, wanda tsohuwarsa ke tare da shi kuma baƙi daga gida ba sa yankewa, wani tsari yake bukata: ɓangaren kowace mace, ɗakin baƙi mai ƙofarsa daban, wurin girkin itace ko gawayi ranar taro, da wurin ɗaure ragon layya. Idan ginin ya cinye filin har ba inda za a ƙara ɗaki, kyan tayil ba zai magance ƙuncin ba.

Hanyar da iyali za su bi kullum

Wanda ke aiki a ma'aikata, ko matarsa na aiki a babban asibiti, ko shagonsa na Babbar Kasuwa, Filato ta fi masa kusa. Haka ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni, don gadar Kennedy tana nan gindin tudun. Gada ta uku, mai sunan Janar Seyni Kunce, wadda aka buɗe a 2021, ta rage wa mutanen Kwara Kano da Gudel wannan nisa, tunda suna iya ƙetarawa Harobanda ba tare da sun ratsa tsakiyar gari ba.

Nisan da ya fi cin rai shi ne na makarantar yara. Ƙarin minti 15 a kowace tafiya, idan ana kai su a ɗauko su sau biyu a rana, awa guda ce kullum, ban da kuɗin mai. Don haka mai saye ya tuƙa hanyar da kansa da ƙarfe 7 na safiyar ranar aiki, ya sake bin ta lokacin tashi. Zuwa ganin gida ranar Lahadi da yamma, yadda dillalai suka fi so, ba ya nuna komai game da cunkoso.

Filato tana da nata nauyin. Titunan da ke kewaye da fadar shugaban ƙasa akwai shingayen jami'an tsaro, kuma akan rufe wasu, musamman da dare ko idan ƙasa ta shiga wani hali, kamar yadda aka gani a ƙarshen Yulin 2023. Gidan da ke kusa da irin wannan wuri yana samun tsaro daga ɓarayi, amma mai shi da baƙinsa za su riƙa zagaye.

Maƙwabta

Shekaru da dama ke nan gidajen Filato suna komawa ofisoshi, asibitocin kuɗi, makarantu da gidajen abinci. Wannan yana ɗaga darajar fili, yana kuma rage maƙwabta. Akwai layin da da rana ba wurin ajiye mota, da dare kuma ba kowa sai masu gadi. Iyalin da suka saba da unguwa irin ta Maraɗi, inda yara ke shiga gidan maƙwabta kuma ana fita sallar asuba tare, za su ji kaɗaici. Kwara Kano ta fi riƙe kamannin unguwar zama, ko da yake ita ma dogayen katangu ne da ƙofofin ƙarfe a rufe, kuma ofisoshi sun shige ta.

A kowace daga cikinsu, mai saye ya je bayan magariba ya gani da idonsa: ina masallaci mafi kusa, akwai makarantar allo ko islamiyya, akwai fitila a layin, ina mai shago, kuma idan suna ko biki ya taso akwai inda za a kafa rumfa a ƙofar gida? Uwargida ta je wannan ziyara, don ita da yara ne za su fi wuni a wurin.

Damina, ruwa da wuta

Ambaliyar kogin Isa, irin wadda ta ci unguwannin gangare da na Harobanda a 2020, ba ta hawa waɗannan tudu. Ruwan sama ne abin dubawa. Manyan titunan Filato da kwalta, amma a Kwara Kano layuka da yawa na cikin unguwa jar ƙasa ce da rairayi, wasu kuma ba magudana. Layi biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ya bushe awa guda bayan ruwa, ɗaya ya riƙe tabki har mako. Wanda zai iya jira ya ga gidan a watan Agusta. Wanda ba zai iya ba ya duba gindin katanga, don ruwa yana barin alamarsa, ya kuma tambayi mai gadin gidan da ke kallonsa.

Ƙarfin famfo kuma a Afrilu da Mayu ake gane shi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A buɗe famfon bene da tsakar rana, a tambaya ko akwai tanki ko rijiyar burtsatse. A nemi takardun biyan kuɗi na ƙarshe na NIGELEC da na NDE, kamfanin da ya gaji SEEN a farkon 2024, don kada a gaji bashin wani. Tun da Najeriya ta yanke wa ƙasar wuta a Agustan 2023, gidan da ke da faranti mai aiki da hasken rana ko janareta ya ƙara daraja, amma a gwada su a gaban mai saye, a tambayi shekarun batiran.

Takardu

Nan ne ake asarar miliyoyi. Takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa, wadda ake kira acte de cession, ita ce a hannun mutane da yawa, amma mafi ƙarfi ita ce titre foncier, wadda aka yi wa rajista a ofishin kula da filaye na hukumar haraji. Tun 2006 aka sauƙaƙa samunta da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda. A ofishin ne ake tabbatar da cewa sunan da ke kan takarda na mai sayarwa ne, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba.

Kowace unguwa da irin tarkonta. A Filato gidaje da yawa na gado ne, masu su sun rasu sun bar magada a Yamai, da ƙauye, da ƙasashen waje. Ɗa guda ba ya sayarwa shi kaɗai. Sai an ga takardar gado daga kotu da ta taron iyali wadda ta naɗa wakili. Akwai kuma gidajen gwamnati da aka bai wa ma'aikata su zauna, waɗanda daɗewa a ciki ba ta mai da su na mazaunin. A Kwara Kano a duba ko akwai ɗan haya mai yarjejeniyar da ba ta ƙare ba, ko gidan bashin banki aka gina shi da shi, da kuma ko katanga ta tsaya a kan iyakar da ke cikin taswira. A ko'ina, kuɗi a gaban notaire ake biyan su, kuma a sa ladarsa, da kuɗin rajista, da la'adar dillali cikin lissafi tun farko.

Idan ranar sayarwa ta zo

Dillali zai ce gida a waɗannan wurare ba ya faɗuwa, kuma haya kaɗai za ta maido da kuɗin. Wannan magana an gina ta ne a kan ƴan haya baƙi. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, sojojin Amurka ma suka tafi a cikin shekarar. Gidan da darajarsa ta dogara da irin waɗannan ƴan haya, kamar da yawa a Kwara Kano, mai saye yana da bakin neman ragi. Filin Filato kuwa masu neman wurin ofis ne ke riƙe farashinsa.

Wanda aikinsa ke tsakiyar gari, yana da kuɗin gyara a gefe, kuma yana son babban filin da zai bar wa magada, Filato ta fi dacewa da shi. Wanda ke da ƙananan yara, yana son tarewa da wuri a cikin maƙwabta, ya fara dubawa a Kwara Kano. Wanda ya kasa yanke shawara kuma, ya kama haya na shekara ɗaya a unguwar da ransa ya fi karkata, ya ga bazararta da daminarta kafin ya sa hannu.