Abin da Mai Tsohuwar Mota Zai Iya Yi Kafin Ya Kira Bakanike

Yawancin masu sayen motar farko, 'yar Kwatano ce ko ta hannu, sukan juye kuɗinsu kaf wajen ciniki, ɗan abin da ya saura a yi rigar kujera da shi. A da ana tsira da wannan ganganci. Amma tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da ƙaramin ma'aikaci ba ya iya tarar su ba shiri. Mazaunin Gawu Babangida kuwa nauyinsa biyu ne. Hanyar Suleja zuwa Minna da yake bi, da ramukanta da tirelolinta, tana cin ƙafar mota, sannan kaya da yawa sai an nemo su a Suleja ko Zuba, ga kuɗin hanya, ga yini guda ya tafi.

Saboda haka ranar da mota ta zo hannunka, ɗauka cewa ba a taɓa yi mata sabis ba, kome rantsuwar dillali. Lambar tafiyar da ke gaban direba ma ba abin dogaro ba ce, ana mayar da ita baya. Yi juyen baƙin mai, sauya filta, ka rubuta kwanan wata da kilomita a ɗan littafi. Mai na gama-gari ana sauya shi duk kilomita 5,000 ko kusa da haka. Kowane wata kuma a ware wa motar wani abu kamar zubin adashi, ko da lafiyarta ƙalau.

Kayan aikin farko ba su da yawa: jak, sifanar taya, 'yan ƙananan sifanoni, gejin iska da tsumma. Da safe kafin a tayar da inji, motar na tsaye a waje mai daidai, zaro sandar gwajin mai, goge, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. In ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ne ke shiga cikinsa, galibi gasket ya ƙone, kada motar ta motsa sai bakanike ya gani. Ruwan lagireto ma a lokacin ake duba shi. Buɗe murfinsa inji na da zafi ya sale wa mutane da yawa fuska.

Taya ce aka fi zalunta. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi cewa tayar da ta wuce shekara huɗu ta tsufa, ko zanenta na nan raɗau. Tayar gwanjo mai arha sau da yawa ta riga ta ci shekarunta a Turai. Sai batun iska. Masu faci da yawa sukan ɗura wa ƙaramar mota 45 ko 50, wai don ta jure kaya, alhali a jikin ƙofar direba kamfani ya manna adadin da ya dace, yawanci tsakanin 30 da 35. Tayar da aka cika wa iska ba ta kama ƙasa sosai, tsakiyarta ke fara cinyewa, in ta faɗa rami kuma shokozoba ne ke shan dukan. Gejinka na aljihu ya fi ƙarfin gardamar kowa.

Lokacin hunturu filtar iska kan toshe da ƙura, mota ta riƙa shan mai tana kasala. A yawancin motoci 'yan maƙalai kawai za ka ɓalle ka ciro ta. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da tsohon buroshi sun ishe shi, sai dai a fara cire wayar da ke da alamar ragi.

Akwai inda hannun ɗan koyo ya kamata ya tsaya. Birki, giya da wayoyin wuta na masu sana'ar ne, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Aikinka a gareji shi ne ka tsaya a kai, ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Ka san ko injinka sarƙa ke juya shi, kamar Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko bel, kamar Peugeot 406, wadda in bel ɗin ya tsinke tana tafe sai ya lanƙwasa bawul. Man giyar motar otomatik a zuba irin wanda kamfani ya rubuta, musamman Honda, domin ba ta yafe wannan kuskure. In kuma aka ce maka, “Alhaji, bari mu cire tamostat, na ƙasar sanyi ne,” ka ce a bar shi. Shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, cire shi kuwa ƙarin shan mai ne, sau da yawa ainihin abin da ke sa motar zafi yana nan a lagireto ko fanka ba a taɓa shi ba.